Saniyar da Ta Riƙe Nononta

A shekarata ta uku a jami'a aka tura mu mu huɗu wata ƙasar Turai mai yawan ruwan sama, mu yi wata shida muna karatun kiwon shanu. Ni aka ajiye a wata gonar madara a bayan gari, hannun wata dattijuwa da ta gaji gonar daga mahaifinta. Aikina in taya tatsa safe da yamma, in kuma rubuta duk abin da ya faru a babban littafin da ke rataye bakin ƙofa. Rubutun ya fi mini sauƙi. Turancina na takarda ne, idan aka zo magana sai harshena ya yi nauyi.

A Birnin Tsaba na tashi, gidan kawuna, cikin jajayen shanunsa. Can idan za a yi tatsa, sai an kwance maraƙi daga dangwali, igiyar da ake jera su a kai, ya je ya tsotsa, ya tunkuyi hantsar uwar har nono ya sauko. Sannan a janye shi a riƙe gabanta tana lasarsa, a kara ƙwarya. A gonar dattijuwa kuwa ranar haihuwa ake ɗauke maraƙi a kai shi wani ɗaki, a riƙa ba shi madara a bokiti. Shanun su shigo layi da kansu, a maƙala musu inji, madara ta bi bututu ta wuce.

A mako na shida wata mai haihuwar fari ta ƙi injin. Ta yi ta harbi, ta riƙe nononta, hantsar ta kumbura har tana sheƙi. Sai an yi mata allura take saki, washegari kuma ta koma gidan jiya. Ranar Talata dattijuwa ta ce ba za ta yi ta allura har abada ba, idan Juma'a ta zo ba ta karɓi injin ba, motar mahauta za ta tafi da ita.

Da rana na kira kawu. A lokacin ya dawo da ɗan abin da ya rage na garken kusa da Kaura Namoda. Na kwashe labarin na gaya masa, ya tambayi inda maraƙar take, na ce tana ɗaki, taku talatin daga uwar.

"To kai mi kake karantawa can?" in ji shi. "Ko ni aka amshe wa ɗiya, ba ni ba ku komi. Kai mata abinta."

Na yi niyyar in faɗa wa dattijuwa. Sau biyu ina tsara maganar a kaina, sau biyu ta wuce ta gabana ban buɗe baki ba. Laraba da safe, kafin ta fito, na je ɗakin maruƙa na sa wa 'yar maraƙar igiya, na jawo ta wurin tatsa. Uwar ta yi wani kuka ƙasa-ƙasa da na san irinsa. Na bari ta tsotsa kaɗan, na janye ta gaban uwar, na maƙala injin. Ba ta ɗaga ƙafa ba. Madara ta cika bututun.

Na ɗaure maraƙar a bakin ƙofa, na rubuta komai a littafin: ƙarfe nawa na kawo ta, minti nawa ta tsotsa.

Dattijuwa ta karanta tana tsaye, ta sake karantawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna mini cewa akwai wata cutar hanji a garken, wadda ke bin kashin manya ta kama ƙanana, ba ta kuma bayyana sai bayan shekaru. Shi ya sa ba maraƙin da ke taka wurin tatsa. Yanzu wannan ba za ta koma cikin 'yan'uwanta ba, kuma ba za a bar ta ta zama saniyar gonar ba, sai dai a yi kiwonta ita kaɗai a sayar wa masu nama. Na san cutar. Na rubuta jarrabawa a kanta, na ci. Amma da safen nan ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

"Me ya hana ka tambaye ni?" ta ce.

Na ce tsoro nake kada ta hana.

"Da na hana," in ji ta. Ta daɗe tana kallon saniyar. Sannan ta ce tunda maraƙar ta riga ta shigo, in nuna mata yadda muke yi.

Mako uku na yi ina kawo maraƙar safe da yamma. Dattijuwa ta sa kullum in ƙara nisa tsakaninsu: da farko gaban uwar, sai bayan shinge, sai bakin ƙofa inda ƙanshinta kawai ke isowa. Wannan dabararta ce, mu a gida ba mu taɓa buƙatarta ba. 'Yan ajinmu suka tafi yawon ganin manyan kamfanonin madara, ni ina can riƙe da igiya.

Wata Litinin dattijuwa ta ce yau kada in kawo ta. Saniyar ta shigo layi, ta waiga ƙofa, ta sake waigawa. Na shafa hantsar da tsumma mai ɗumi, na maƙala injin. Sai da aka ɗan jima madarar ta zo, kaɗan-kaɗan, sannan ta ƙaru.

Saniyar ta zauna a gonar. Maraƙar kuwa, kafin in dawo gida wani mai kiwon shanun nama ya zo ya saye ta. Ni na riƙe mata igiya har cikin motar.