Hotonmu a Tashar Jirgin Ƙaura

Ni da maigidana mun daɗe da aure ba mu da hoto ko ɗaya na mu biyu. Ranar bikinmu ina Zurmi, cikin ɗaki, a lulluɓe, shi yana waje da abokansa, kowa aka ɗauke shi cikin nasa taron. Daga baya muka zauna a Ƙaura Namoda, yana sayar da taki da maganin feshi, ni ina koyarwa a wata firamare. Muka haifi yara biyu, rayuwa ta ci gaba, ban taɓa jin rashin hoton ya dame ni ba sai ranar da wata abokiyar aikina ta nuna min wayarta a lokacin hutun tara.

Ƙanwarta ce da mijinta suka je ƙofar shiga Abuja aka ɗauke su. Kaya iri ɗaya, ta jingina da shi, yana kallonta kamar babu kowa a duniya sai ita. Na daɗe riƙe da wayar. Na ce ai mu wannan sai dai mu gani, yadda hanya ta zama wa zai yi doguwar tafiya don hoto?

"To ke tashar jirgi fa?" in ji ta. "Duk wanda ya san Ƙaura da ita ya san ta. Nan layin dogo ya ƙare. Ki je wurin Madam mai hoto, ta san aikinta."

Shawo kan maigidan shi ne babban aikin. Mutum ne da ko hoton kati za a ɗauke shi sai ya ɗaure fuska kamar mai jiran allura. Na bari ya ci abinci ya ƙoshi, sannan na kawo maganar.

"A waje? Gaban mutane?" ya ce.

"Da sassafe ne, Malam. Jirgi ya daina zuwa, wa ke zuwa wurin in ban da awaki?"

"In hoto kike so a kira mai hoto gida mana."

"Gida kullum muna cikinsa. Ni dai sau ɗaya nake so a ce mun fita mun yi wani abu namu, ni da kai."

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da shadda mai ruwan sararin samaniya a leda, ya ajiye min a kan gado, ya ce in samo leshin da zai dace da ita. Na yi murna ƙwarai.

Madam Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe a Ƙaura, shagonta yana kusa da tashar mota. Mace ce mai fara'a da babbar murya, Hausarta na fita da sauri. Ta zaunar da ni ta buɗe min hotunan da ta ɗauka na angwaye da 'yan makaranta, ta tambaye ni launin kaya, da ko zan yi kwalliya, da ko maigidan yana dariya. Na ce yana yi, amma sai a gida. Ta tuntsire da dariya ta ce in bar mata shi. Muka tsayar da safiyar wata Asabar. Kaka ce lokacin, ta ce ciyawar gefen dogo tana nan shar, hoton zai yi kyau.

Ranar muka kai yara gidan maƙwabta. Mai kwalliya ta ɓata min lokaci, Madam ma ta makara, ba mu isa tashar ba sai da hantsi ya yi. A wannan lokacin kuwa wurin ba na awaki kaɗai ba ne. Akwai mai shayi a gindin wata bishiya, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu suna karyawa, ga mutane na ratsa dogon a ƙafa, domin ta nan hanyar unguwarmu ta fi kusa. Muna sauka daga Keke duk suka juyo. Na ji jan-bakin da ke leɓena ya yi min nauyi. Maigidan ya dube ni.

Madam ta tsayar da mu kusa da allon da aka rubuta sunan garin. Muka tsaya nesa da juna, hannuwa a gefe, kamar waɗanda aka kira gaban alƙali.

"Haba Oga, matarka ce fa, ba 'yar haya ba! Matsa kusa."

'Yan kabu-kabu suka kwashe da dariya. Ya matso kaɗan. Ta mayar da mu gaban wani tsohon tarago da ya yi tsatsa, ta sa muka yi tafiya a tsakiyar dogo, tana ja da baya tana ɗauka tana zuba surutu. Takalmina mai tsini ya maƙale cikin duwatsu na yi tangal-tangal, ya riƙo ni da sauri, sai dariya ta kuɓuce masa. Ni ma na yi. Daga nan jikinmu ya saki. Na manta da mai shayi, na manta da masu wucewa. Da Madam ta ce in sauke gyalena zuwa kafaɗa, in ɗora kaina a ƙirjinsa, shi kuma ya riƙe min hannu, ban yi musu ba. Ina jin ƙamshin turarensa, ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Sai na ji jikinsa ya sandare. Ya saki hannuna, ya ce a hankali, "Baba."

Na ɗago. Surukina ne tsaye a ɗaya gefen dogon, cikin farar rigarsa ta zuwa unguwa, da zakara a hammata da ƙullin ɗanyar gyaɗa a hannu. Daga Badarawa ya taso, can ƙasar Shinkafi, zai kawo wa jikokinsa tsarabar kaka. Ba ya sanar da zuwansa, sai dai a ji sallamarsa. Mota ta sauke shi, ya yanko ta dogo zuwa gidanmu.

Tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa ganin fuskata a buɗe ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. In zan gaishe shi daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa yana kallon gefe. Ko zama kusa da ɗansa bai taɓa ganin na yi ba. Ga shi yau ina kwance a ƙirjin ɗan nasa, da jan-baki, a fili, mutane na kallo.

Ya ɗauke kansa ya mayar kan rufin tashar, kamar akwai abin da yake karantawa a can. Madam ba ta san shi ba. Ta sauke kyamara ta ɗaga murya.

"Baba, don Allah ka ɗan matsa gefe, ka shigo mana cikin hoto!"

Wani daga cikin 'yan kabu-kabu da ya san shagon maigidana ya ce, "Kai Madam, ai uban angon na!" Aka yi wata irin dariya.

Ban san lokacin da na zube a kan duwatsun ba. Na ja gyalen na rufe har fuskata. Ta cikin gyalen na ga ya juya ya koma ta hanyar da ya fito, yana sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Maigidan ya bi shi da gudu, sabuwar shaddar tana ƙara. Na daɗe a durƙushe, duwatsu suna cin gwiwata, na kasa tashi domin tashin na nufin in ga idon mutanen da ke wurin. Madam ce ta zo ta kama ni. Muryar nan tata duk ta shige.

"Anti, ki yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

Ta tare ni da jikinta har muka fita, ta sa ni a Keke ta raka ni gida.

Da azahar maigidan ya dawo da zakaran da gyaɗar, shi kaɗai. Ya ce ya cim ma Baba a bakin titi, Baba ya miƙo masa kayan ba tare da ya dube shi ba, ya ce a kai wa yara. Ya roƙe shi ya zo gida ko ruwa ya sha, ya ce yana da uzuri, ya shiga motar Shinkafi ya koma. Mutumin da kullum in ya zo sai ya kwana, ya ci tuwon dawa da miyar kuka da nake yi masa, ya sa min albarka ta bakin jikokinsa.

Na shiga ɗaki na wanke fuskata da sabulu har ta yi zafi. Na so maigidan ya yi faɗa, ya ce ai ga irinta nan, ko na samu abin mayarwa. Bai yi ba. Ya cire shaddar ya ninke, ya tafi shago. Yara suka yi ta murna da zakara, suna tambaya ina Kaka.

Ranar Litinin labarin ya riga ni zuwa makaranta. Babu wanda ya faɗa min kai tsaye, amma ina shiga ofishin malamai hira ta tsaya. Na daina bi ta dogo, na riƙa zagayawa ta babban titi duk da nisansa. Madam ta yi ta aiko min in zo in zaɓi waɗanda za a wanke, na kasa zuwa. Ƙarshe ita ta kawo su gida da kanta cikin ambulan, ta kuma tura min su a waya. Sun yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na ƙarshe: kaina a ƙirjinsa, muna murmushi, can a gefe kuma ga farar riga da jelar zakara. Ta ce tana iya yanke gefen. Na ce ta bar shi, ni dai na san yana nan ko an yanke.

Na yi ta kauce wa zuwa Badarawa har ƙanwar maigidan ta haihu, zuwa suna ya zama dole. Muna isa na shige ɗakin surukuwata, wadda muke kira Inna, na ƙi fitowa. Matan gidan suna leƙowa suna gaishe ni, wata ta ce, "Sannu da zuwa, amaryar tasha," suka fita suna ƙyalƙyala dariya. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

Da ɗakin ya rage mu biyu, Inna ta kawo min fura ta zauna a bakin gado.

"Ɗiyata, mi ya hana ki zuwa?"

Na tsura wa furar ido.

"Ran nan da ya dawo ko tuwo bai ci ba," ta ce. "Na zaci ciwo na. Sai da na matsa mai ya ce ya hwaɗo maku ba sallama, ya ga abin da bai kamata shi gani ba. Ya ce bai san da wane ido zai sake shiga gidanku ba. Kunyarki yake ji."

Na ɗauka in na ji bai yi fushi ba zan samu sauƙi. Sai abin ya ƙaru. Dattijo mai furfura, a ce saboda ni ya kasa shiga gidan ɗansa. Hawaye suka zubo min cikin furar.

Inna ta bari na share fuska, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta rage murya. "Hoton yana nan cikin wayarki? In gani."

Na so in ce babu, amma ba a yi wa Inna ƙarya. Na buɗe na miƙa mata ina kallon ƙasa. Maigidana ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido, in ya shigo gaishe ta bango take kallo. Ta kai wayar kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe haka yake in yana dariya," ta ce. Ta miƙo min wayar da sauri, ta ce in ɓoye kada wani ya shigo.

Washegari kafin mu kama hanya babu makawa sai na yi wa Baba sallama. Yana zaune a zaure a kan buzu. Na tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, na durƙusa a bakin ƙofa, na ja mayafi. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ya tambayi makaranta, na ce lafiya lau. Ya tambayi mutanen Zurmi, na ce suna gaishe shi. Shi bai sallame ni ba, ni ban tashi ba. Can ya yi gyaran murya.

"In Allah ya kai mu bayan Salla ina tahe. Zan sa a buga waya tukuna."

Na ce, "Allah ya kawo ka lafiya, Baba," da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta. Na tashi na fita da baya-baya, na tafi har bakin mota ba takalmi, sai da 'yata ta biyo ni da su a hannu.