Gwaggo 'Yar'azumi, Mai Hijabin Shiga Jirgi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan sallar Azahar, aka kira ni daga Hadejia aka ce Gwaggo 'Yar'azumi mai ɗinki ta rasu. Na yi kuka, Gwaggo, amma wallahi duk sanda na tuna ki sai dariya ta shigo cikin kukan.

Ni ce Ummussalma, 'yar rigakafin da kika hana barin aiki. Shekarar da ruwa ya cinye hanyar Guri, a kwalekwale muke kai allura ƙauyuka. Rannan ina sauka, gefen dogon hijabina ya sha ruwa ya maƙale a ƙusar jirgin, na faɗa kogi da akwatin magani a hannu. Da kyar masunta suka ciro ni. Shugaban aikinmu ya ce ko in riƙa cire hijabi idan zan tsallaka, ko in zauna a gida. Ni kuwa ba zan cire ba, kuma ina son aikina kamar raina.

Na zo miki ina hawaye, kika ɗago daga kan keken ɗinki kika ce, "Ke 'yar nan, share fuskarki. Gobe tare za mu shiga jirgin."

Kowa ya san ko gada ba kya son hawa. Amma kika shiga, kina salati, kin riƙe hannuna har ya yi tsami, idonki yana kan ƙasan hijabina kina kallon inda yake kamawa. Da kika dawo kika ɗinka mini wani hijabin mai hannu har wuyan hannu, kika zura zariya ta ciki. In an ja ta, ƙasansa ya tattaru zuwa gwiwa a kan faffaɗan wando, in an taka tudu a sake ta ya sauka. Shugaban ya gani, ya ce in koma bakin aiki. Ranar har guɗa kika yi.

Daga nan matan Auyo masu sussukar shinkafa suka ji labari, malaman makaranta masu hawa babur ma suka biyo. Ba ki ɓoye wa kowa yadda ake yankan ba, har teloli maza kika koya wa. Yanzu sunanki ake kiransa da shi, sai ka ji mace ta ce a ɗinka mata 'yar'azumi guda biyu.

Ranar sadakar uku ruwa ya sake rufe hanya. Na tsaya a bakin gaɓa na ga jirage suna isowa cike da mata masu zuwa gaisuwa, kowacce tana sauka tana sakin zariyarta. Da kin gani, Gwaggo, da kin sake yin guɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Badamasi da 'ya'yanki Adila da Tasi'u, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki a lahira kamar yadda kika suturta mu a duniya. Amin.