Mutum Goma Kawai Na Faɗa Wa

Makon jiya wani saƙon murya ya shiga wayoyin unguwarmu, wai Talatu mai waina da man taransifoma take suya. Matar nan tun rasuwar mijinta da wannan tandar take riƙe 'ya'yanta. Ina zaune a tsakar gida bayan magariba, 'yata Nusaiba ta zo da kalkuleta a hannu ɗaya, wayar mamanta a ɗayan. Aikin gida aka ba su a kan logaridim. Ta iya danna log, amsa ta fito, amma me amsar take nufi, oho. Tana tambayata tana sake kunna saƙon. Sai Iya Dije ta faɗo mini a rai.

Iya Dije kakata ce ta wajen uba. A gidanmu na cikin Birnin Zariya ba ta yin tatsuniya sai an kwashe tuwo. Takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, mu kewaye ta, kowa da ƙanzon da ya kankaro. Ni take fara tsokana: "Maigida, yau ma ba cefane, ga ka ka fi kowa loma." Sannan ta ce ga ta nan tafe, mu ce mun shimfiɗa mata tabarma.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wani dattijo mai rijiya, wanda duk gari ke ɗiban ruwa a gidansa. Wata rana wata mata ta ga baƙar mage ta gitta ta bakin rijiyar. Ta raɗa wa ƙawayenta goma, ta ce kada su faɗa wa kowa. Kowacce ta raɗa wa nata goman. Kafin Juma'a magen ta zama asirin da aka binne, ba mai kusantar gidan. Dattijo ya rufe rijiyarsa ya bar gari, rani kuma ya shigo. Da mai gari ya tara jama'a yana neman mai laifi, duk wanda aka tsayar sai ya rantse: "Wallahi ni mutum goma kawai na faɗa wa."

A nan Iya takan ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu. "Goma. Ɗari. Dubu. To, ku duba, ko hannu ɗaya ban gama ba gari ya ƙare." Mu dai dariyar magen muke yi.

Na ce wa Nusaiba ta danna maɓallin log, ba na ln da ke kusa da shi ba, ta sa dubu ɗaya. Ta ce uku. Na ce yatsu uku ke nan. Abin da log yake tambaya shi ne, goma nawa za a jera ana ninkawa kafin a kai wannan adadin? Ta gwada ɗari biyar, ta sami biyu da ɗoriya, ta ce ai dole, tunda ya wuce ɗari bai kai dubu ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce to, mu ƙaddara mutum dubu ɗari, sa mu gani.

"Biyar," in ji ta.

"Baki biyar ke nan tsakanin wayar nan da mutum dubu ɗari."

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan matar farko take. Sai da na girma na gane ba wanda ya yi ƙarya gaban mai gari. Kowa goma ya faɗa wa, kuma hakan ya isa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Nusaiba ta kife wayar. Can ta ce, "Baba, na riga na tura wa 'yan ajinmu tun la'asar."

Ban yi mata faɗa ba. Da safe na ce ta ɗauko kwano mu je tare. Muka tarar da Talatu ita kaɗai, waina ta cika roba har ta huce, ga kwalbar man gyaɗanta a gefe. Ta tashi da fara'a tana gyara mayafi.

"Malam, barka da asuba. Ni kam lafiya unguwar nan? Tun ɗazu ba wanda ya leƙo. Ko rasuwa aka yi ban ji ba?"