Ragowar Maganin da Yaya Mumuni Ya Bari

Ina auna wa wata mata gero a kasuwar Race Course matar yayana ta kira ni. "Hajiya, yayanki ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san wanda ya rufe mini kayan ba.

Yayana Mumuni likitan dabbobi ne. Shanun fatake ne aikinsa, amma a unguwar Aboabo da karnuka aka fi saninsa. Akan kawo masa kare gashi ya zube, fata na zubar da mugunya, wari ya hana kowa matsowa. Sai ya tsuguna ya aske wurin, ya wanke, ya cusa ƙwayar antibayotik cikin tsokar nama ya miƙa masa. A masallaci akwai masu janye hannu in ya zo gaisawa. Bai taɓa kai ƙara ba. Ni kaina na sha yi masa magana, sai ya ce, "Ladi, ƙaiƙayin da yake ji ba shi da bakin faɗa."

Abin da ba ya yafewa shi ne a yanke magani. Yakan ce, "In ƙurajen sun bushe, cutar na nan a ƙasa. Ku ƙarasa."

Na ƙarshensa karen da ke gadin garken Alhaji Sedu ne. Alhaji ya so a sa masa guba, Yaya ya roƙa a bar masa shi. Magani ya yi rabi ajalin Yaya ya zo. Wurin zaman makoki na tambaya, Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, ana ta mutum kina ta kare? Ai ƙurajen sun bushe, mun daina maganin."

Ciwon ya dawo, ya fi na da. Alhaji ya sake maganar guba. Na kira abokin aikin Yaya ya duba, ya ce a fara daga farko, kuma bai yi alkawari ba. Ni da ban taɓa kusantar kare ba, yanzu kullum da hantsi ina bakin garke da nama mai magani a kwano. In na koma gida na wanke kwanon sau bakwai, yadda aka koya mana a makaranta. Har yau karen ba ya iya miƙewa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa marar baki. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma Ya ba ni ikon ƙarasa masa.