Taswirar Baban Binta Ba Za Ta Bar Hannuna Ba

Shekara uku ke nan cif da rasuwar maigidana, Baban Binta, a gobarar rijiyar gas can kudancin Najeriya. Ni aji huɗu na tsaya a makaranta, sai ku yi haƙuri da rubutuna.

Karatun haƙar mai ne ya kawo mu Landan. A flat ɗinmu na Catford yakan baje taswira a teburin kicin, ya zagaye kowace rijiya da jan biro. Na tambaye shi dalili, ya ce gas ɗin yana can ƙarƙashin dutse mai zurfi, a matse. Doka ta ce a bar tazara tsakanin rijiya da rijiya, in jan ya taɓa ja to an shiga haɗari. Da kamfani ya mayar da shi gida Najeriya aiki, ina da cikin Binta, aka ce ya sa hannu a haƙa sabuwa kusa da tsohuwa. Ya ƙi, ya rubuta ƙin nasa a bayan taswirar, ya aiko mini da ita. Aka haƙa duk da haka. Da wuta ta tashi ta ci shi da wasu ma'aikata, kamfanin ya ce shi ya yi kuskuren awo.

Da zai ga yau, da ya sha mamaki. Kuɗin mai ya yi yawa, mutanenmu suna ta zuwa shopping, akwati kan akwati. A wajen suna a Plumstead na ji wata na cewa taurin kai ne ya ci Baban Binta. Na goya 'yata na fito.

Makon jiya abokin aikinsa ya zo, da tsarabar atamfa.

"Maman Binta, takardun marigayi fa? Ki kawo in adana miki, ke da ba Turanci kike ji ba."

Na ce, "Injiniya, Turanci kam ba na ji, amma ido gare ni. Shayinka na hucewa."

Ban ba shi ko takarda ɗaya ba. Ina tsoron a raba mu da flat ɗin, ina tsoron tari ma in Binta ta yi. Amma yarinyar nan ba za ta tashi tana jin ubanta ya kashe mutane da ganganci ba. Bai bar mana gida ko mota ba, gaskiyarsa ya bari, a rubuce.

Na yi booking wajen lauya a Marylebone ranar Litinin. Ko sau uku tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, zai ɓatar da ni, sai na kai masa taswirar da hannuna.