Katin da Baba Ya Ƙarar a Bakin Ƙofa

Baba yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun ina yarinya. In mun shiga taksi, irin taksin Yamai da kowa ke shiga da kowa, zai fara ne da duba fuskokin waɗanda ke ciki. In akwai tsohuwa, ko wani da suka taɓa haɗa sahu a masallaci, ko wanda kawai ya amsa masa sallama da fara'a, to an gama. Ba zai ce uffan ba sai mun zo sauka. Sai ya leƙa tagar direba, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya nuna kujerar baya da haɓa, ya ja hannuna mu wuce da sauri kamar mun yi sata. Can gaba mutumin zai zo sauka, ya sa hannu aljihu, direba ya ce masa, "An biya." Mu kuwa mun daɗe da ɓacewa cikin masu tumatir na kasuwar Petit Marché.

Mutane da yawa suna yin haka a Yamai, amma Baba ya mai da abin kamar aiki na biyu. Malamin makaranta ne da aka kawo daga Maradi, albashinsa kuwa ba ya ganin ƙarshen wata. Akwai ranar da muka taka daga kasuwa har unguwarmu Banifandou, ni da shi da Inna, kwandon cefane a kan Inna, saboda ya biya wa wasu mutane da kuɗin komawarmu. Inna ta yi faɗa tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, shi kuwa yana gaba yana gaishe da masu shaguna. Ni na gado bakin Inna, kowa ya sani.

Da ya ajiye alli, sai yanar ido ta fara rufe masa idanu. A lokacin ɗalibansa sun cika gari, wasu a ofis, wasu a kasuwa, wasu su ne ma direbobin. Duk taksin da ya shiga sai ya ji, "An biya, Mushe," domin kuwa haka ake kiran malamin makaranta a nan. Da farko yana dariya, yana cewa yaran sun yi hankali. Sai wata rana wata yarinya mai goyo ta biya masa. Ba ɗalibarsa ba ce, ba ta ma san shi ba. Tsoho kawai ta gani yana lalube yana neman hannun ƙofa, ta ji tausayinsa. Ya dawo gida ya cire hula, ya zauna gindin dogon yaron da ke tsakar gida, bai ci abincin rana ba.

Daga ranar ya daina fita. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, duk sai dai ya aika. Masallacin da ke jikin katangarmu ne iyakarsa. Mutumin da rana ba ta taɓa faɗuwa yana gida ba, ya koma zaman kujera da rediyo. Wannan zaman ya fi ciwon idon ba ni tsoro, don na ga tsofaffin da suka zauna haka ba su sake tashi ba.

Likitan da ke duba shi ya ce ido ɗaya yana da wata matsala bayan yanar, gara a yi aikin a waje. Yayana ya shirya komai zuwa Istanbul, aka ce ni zan raka shi, wai ni kaɗai ce yake jin tsoron bakina. Ƙarya ne, ba ya tsoron kowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini, shi ya sa yake barina in yi ta surutu.

A jirgi muka haɗu da wasu mata 'yan kasuwa na Yamai, masu zuwa sarin kaya. Shugabarsu wata Hajiya ce Bazabarma daga Kirkissoye, mai jiki, mai murya, wadda tun kafin jirgi ya tashi ta san ciwon Baba da sunan unguwarmu da dalilin da ya sa ban zo da mijina ba. Da muka sauka ta ce kada mu kuskura mu ɗauki taksi, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauƙi, mu bi su kawai.

"Sai dai ku sayi kart," in ji ta. "Nan ba a ba kowa kuɗi a hannu."

Ta kai mu gaban wata na'ura mai tsawon mutum, jingine da bango. Baba ya matsa kusa, ya ɗaga fuska.

"Ina mai saidawa?"

"Babu kowa, Baba. Na'ura ce."

"To wa za a gaida?"

Duk da haka sai da ya yi mata sallama, a hankali, don kada a ce ya zo wurin ciniki ba ladabi. Matan suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Na sa takardar kuɗin da muka canza, na'urar ta tofo ta. Na sake sawa, ta sake tofowa. Hajiya ta karɓa ta goge ta a cinyarta kamar mai gugar kallabi, ta sa, sai ga kati ya faɗo ta ƙasa. Ta nuna mini yadda ake ƙara masa kuɗi, ta ce guda ɗaya ya ishe mu: a ɗora shi a kan ƙofa, ta buɗe, mutum ya wuce, a sake ɗorawa na biyu ya wuce.

"Kart guda, mutum biyu?" in ji Baba.

"Ko fiye, Mushe, in da kuɗi ciki."

Ya shiga jujjuya sandarsa. Da ina da wayo, da a nan na gane. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya riƙe. Na ba shi, don watanni ke nan bai nemi komai a hannun kowa ba, ko gishiri a miya. Ya shafa katin gaba da baya da babban yatsa, ya sa a aljihun gaban riga, ya dafe.

Muka yi ta sauka ƙasa a kan matakala masu tafiya da kansu, har muka kai ƙofofin shiga, irin masu ƙarfe a kwance da sai an biya suke juyawa. Na kama hannunsa na nuna masa inda ake ɗorawa. Ya ɗora, abin ya yi ƙara, wuta kore ta kama.

"Wuce, Uwata, ki kama kaya," ya ce.

Na tura akwatuna na wuce. Kafin in daidaita su in juyo, na ji muryarsa ta aji, wadda na manta yana da ita.

"Hajiya, bismilla. An biya."

Yana tsaye gefen ƙofa kamar mai gadin makaranta da safe, hula a karkace, yana ɗora kati yana kiran matan ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta wuce tana cewa, "Fofo, Mushe, fofo," godiyarsu ta Zabarmanci. Ta bayanta ta wuce tana sa albarka, ta uku ma haka, jakunkunansu na bugun ƙarfe. Ina ta ɗaga masa hannu, na manta ba ya gani. Har wani dattijo ɗan ƙasar da ya zo da katinsa a hannu, Baba ya ji motsinsa ya ce masa bismilla. Mutumin ya dube shi, ya dube mu, ya dafa ƙirji ya wuce.

Sannan Baba ya gyara riga, ya ɗora wa kansa. Abin ya yi wata ƙara daban, wuta ja ta kama. Ya sake ɗorawa, ya tura ƙarfen da cinya, ƙarfe ya ƙi motsi.

Raina ya ɓaci nan take. Na'urar ƙara kuɗi tana can nesa inda muka baro, shi ba zai iya komawa shi kaɗai ba, ni kuma ina ciki da akwatuna, mutane sun fara taruwa a bayansa.

"Baba! Ka ga irin ta ko? Nan ma sai ka yi? Nan ba Petit Marché ba ne!"

Ya tsaya da katin a hannu, kafaɗunsa suka sauka, na ga fuskar nan ta gindin dogon yaro ta dawo. Na ce a raina, shi ke nan, ko an gyara idon, wannan mutumin ba zai sake fita ba.

Sai Hajiya ta zuge jakarta ba tare da gaggawa ba, ta zaro kati irin namu sak, duk ya koɗe don amfani. Ta miƙa hannu ta saman ƙarfen ta ɗora.

"An biya, Mushe. Taho, jirgi na zuwa."

Ya ɗan tsaya, sannan ya turo ƙarfen ya shigo. Na kama hannunsa muka bi matan.

A cikin jirgin na zaunar da shi, na matsa kusa da Hajiya. A lokacin na lura ɗaya daga cikin matan nata katin yana maƙale a bayan wayarta, kowa na gani.

"Tanti," na ce da ƙaramar murya, "ashe duk kuna da naku?"

"Wayyo ɗiyata, shekara nawa muna zuwa garin nan?"

"To don me kuka bar shi ya ƙarar da namu?"

Ta dube ni kamar ba a Yamai na girma ba.

"Babba ya ce miki an biya, sai ki ce a'a? Ba ki ga yadda ya tsaya ba?"

Na zaci Baba bai ji ba, saboda ƙarar jirgi. Na manta tun da idon ya tafi kunnensa ya ƙara kaifi. Da muka kai masauki, ya yi sallolin da suka wuce mu, ya zauna bakin gado yana jan carbi. Can ya ce, ba ma kamar da ni yake ba:

"Matan ga sun hi ni tarbiyya."

Sannan ya ce in nemo masa ruwan zafi.

An yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe tar, ɗayan ya ƙi. Kwanakin da muka yi muna zuwa asibiti, katin yana aljihunsa, shi ke ɗora mana, amma na kafa masa doka, mu biyu kawai, in ba haka ba in ƙwace. Ranar komawa, mun iso filin jirgi mun gama da jirgin ƙasa ke nan, sai ya ja ni gaban na'urar nan ya ce in zuba duk sauran kuɗin ƙasar da ke hannunmu a cikin katin.

"Baba, mun gama da shi fa. Gida za mu."

"Mu munka gama. Zuba."

Na zuba ina ƙunƙuni, don na so in saya wa Inna ko turare ne da canjin.

Mun dawo Yamai, 'yan barka suka yi ta zuwa, aka sha shayi, aka gaji aka daina. Baba ya koma kujerarsa gindin dogon yaro. Yanzu yana karanta Alƙur'aninsa da kansa, yana gane mai shigowa tun daga ƙofa, amma ƙafarsa ba ta wuce masallaci ba. Na fara cewa a raina ido kawai muka je muka gyara.

Sai wata rana Hajiyar Kirkissoye ta kira waya don ta gaishe shi. Cikin hira ta ce wani maƙwabcinta zai kai matarsa asibiti can, bai taɓa shiga jirgi ba, duk ya rikice. Washegari da safe na zo gidan kafin in wuce aiki, na tarar da Baba cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana daidaita hula. Na gane katin nan zai kai wa Hajiya don maƙwabcin, na ce ya ba ni in kai bayan na tashi. Ya ce ba ni aka aika ba. Na ce to bari in kira yayana ya zo da mota. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Na bi shi a baya har kwanar layinmu, na laɓe bayan rumfar mai ƙosai, ni babbar mace mai 'ya'ya. Ya tsaya bakin gudron, wato kwalta, wata taksi ta rage gudu, na ji ya ɗaga murya ya ce, "Petit Marché!" Daga can zai sake wata ya haye gada zuwa Kirkissoye. Direba ya yi oda alamar ya yarda, Baba ya buɗe ƙofa da kansa ya shiga. Ranar ban tsinana komai a wurin aiki ba.

Da la'asar na dawo na same shi ya riga ni, yana wanke ƙafa, ga wata baƙar leda a gefensa.

"Ka ba su?"

"Na ba Hajiya ta ba su. Na ce kada ta hwaɗi daga wa."

"Hanya fa?"

"Lahiya lau." Ya zuba ruwa a ɗaya ƙafar. "Da na zo sauka kasuwa, shofer ya ce an biya."

Inna da ke tsince shinkafa ta dakata.

"Wa ya biya?"

"Oho. Ya riga ya sauka."

"To me ka ce?"

"Mi zan ce? Na ce madalla, Allah shi yi mai albarka." Ya ɗauki ledar ya miƙa wa Inna. "Kuɗin kuma na sayo miki mangwaro da su. Na kwandon nan ne da kinka ɗauko a ka shekarun baya."

Inna ta buɗe ledar, ta jujjuya mangwaron ɗaya ɗaya, ta ce an cuce shi, ko nuna ba su yi ba, da ido ɗaya ma ba a raba shi da asara. Ta tashi da su ta shiga madafa, ta daɗe a ciki, ina jin tana fyace hanci.

Baba ya sa takalmansa, ya juyo wajena.

"Uwata, gidan wa da wa anka yi haihuwa ban je ba? Gobe da wuri zan hita."