Ranar da Bayana Ya Ba Yaya Haƙuri

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na tsaya a rusune a ƙofar shagon yayana, hula a hannu, rabin kasuwar hatsi ta Potiskum tana yafe min laifuffukan da wasu ban ma san na yi su ba.

A lokacin ni direban tirela ne, ina kai shanu kudu. Duk wanda ya san aikin ya san abin da kujerar nan take yi wa ƙugun mutum. Baya ya fara min ciwo a hankali, har ta kai in zan yi ruku'u sai na cije baki, takalmi kuwa na koma silifa don kada in sunkuya. Amma in faɗa wa wani? Allah ya kiyaye! A tasha, direban da ya ce bayansa na ciwo, washegari sunansa Tsoho. Sai na haɗiye abina, ina ta shafe-shafen man zafi, ina huce haushi a kan iyali. Matata ta ce a shekarun nan ko sallama aka yi min da ƙarfi sai na nemi dalili.

Ana cikin haka aka yi wa yayana haihuwa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon mota, don haka tun tasowata ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ranar suna na iso gidansa a unguwar Hausari kai tsaye daga tafiya, bayan nan kamar an ɗaura min itace. Na tarar da shi a tabarma cikin surukansa da dattawan unguwa. Na gwada lanƙwasawa, wani abu ya soke ni har ƙwaƙwalwa, sai kawai na miƙa masa hannu daga tsaye kamar wani sa'ana. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "To, sannu Alhajin Legas. Mun gode da aka samu damar zuwa." Kalma uku ce za ta kashe maganar nan: Yaya, bayana ne. Ban faɗa ba. Na ji haushin gatsen, na juya na fita ko shinkafar suna ban ci ba. Shekara biyu cur muna gari ɗaya ba mu yi magana ba, kuma wallahi abin yana cin raina.

Ranar da abin zai faru, da hantsi na shiga kasuwa sayen wake. Kullum nakan zagaye layin Yaya, amma ran nan wata mota tana sauke buhuna ta toshe ɗaya hanyar. Na ce to, in ɗaure fuska in wuce da sauri. Na kawar da kai gefe, ban lura da bakin kwanon rumfarsa ba. Kwanon ya tsince min hula, sabuwar zanna, ta gangara ta tsaya daidai gaban ƙafarsa. Da ina da hankali da na bar masa ita sadaka. Na sunkuya da zafin nama in fizge ta in ɓace, sai na ji wani abu ya ce ƙis a ƙuguna. Shi ke nan, na kulle a nan, kai a ƙasa, hula a hannu, a gaban mutumin da na yi shekara biyu ina gudu.

Na ji mudu ya faɗi daga hannunsa. Can ya ce, "Kai ne? A gaban jama'a haka? Tashi, ɗan'uwana, tashi. Na yafe maka duniya da lahira."

Na yunƙura in tashi, azaba ta sa hawaye suka zubo min. Ganin hawayen sai shi ma ya fashe da kuka, ya ɗora min hannu a ka.

Da ƙyar na ce, "Yaya, baya ne."

"Bar maganar baya! Baya ya wuce."

"Bai wuce ba, Yaya. Shi ya riƙe ni."

"To ka sake shi mana! Ni na sake shi."

"Wallahi ba ya sakuwa."

Wani daga gefe ya ce, "Allahu Akbar! Jama'a, kun ji tuba ta gaskiya."

Kafin ka ce me, layi ya cika. Ni dai ban ga fuska ko ɗaya ba, ƙafafu kawai nake gani, da takalma nake gane mutane. Ga na mahaucin da na taɓa zagi a kan tsoka, ya matso ya ce shi ma ya yafe. Ga na mai facin da na kira makaho, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani Bafulatani mai takalmin roba, da ya zo daga wajen Damagum, ya dafa kafaɗata ya ce bai san ni ba amma shi ma ya yafe. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya kama addu'a, irin doguwar nan da take bi ta kan iyaye da kakanni da shugabanni da damina, ana ta amin, ni kuwa gumi yana ɗiga daga hancina zuwa cikin hular. Amma bari in faɗa muku gaskiya: duk da azabar, hannun Yaya da ke kaina daɗi yake min, har na fara tsoron a gane.

Aka kuwa gane. Maƙwabcin Yaya, wani tsohon Babarbare mai sayar da gero, ya tsuguna ya leƙo fuskata daga ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya ce da Hausarsa mai mayar da namiji mace, "Alhaji, wannan ƙanenka ba tuba ta yi ba. Bayanta ce ta ƙage." Sai dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Mahauci ya ce a dawo masa da yafiyarsa. A hankali na ji Yaya ya ɗauke hannunsa daga kaina, kuma wannan ya fi ciwon bayan yi min zafi.

Babarbaren ya ce akwai wani a unguwar Dogo Nini da ya taɓa gyara masa nasa bayan. Zama a napep bai yiwu ba, sai aka samo a-kori-kura, ƙarti huɗu suka ɗaga ni yadda nake suka kifa ni a kan buhun gero. Ni da nake loda shanu, ga shi an loda ni. Yaya ya shiga gaba, muka kama hanya.

Mutumin ɗan Filato ne, tsohon ma'aikacin asibiti da ya je ya koyo gyaran ƙashin baya da hannu. Ba mai ɗori ba ne, ba kuma mai tausa ba, sana'ar tana da wani dogon sunan Turanci da har yau bakina bai iya shi ba. Ina dafe da bakin gadonsa ya fara tambaya: ƙafa tana mutuwa? Fitsari yana zuwa daidai? Na taɓa faɗuwa? Ya ce da na amsa wani cikinsu ba daidai ba, asibiti zai tura ni, ba zai taɓa ni ba. Sannan ya bi ƙashin da yatsa ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Yau da hantsi."

"Direba, ban da ƙarya. Wannan baya ya daɗe yana kuka."

Na ce, "Shekara uku." Ina kallon ƙafar Yaya da ke ta karkaɗawa a bakin benci, sai na ga ta tsaya cak.

Ya lallaɓa ya kwantar da ni a gefe ɗaya, ya daɗe yana murza wurin, ya naɗe min gwiwa, ya dafe kafaɗata. Sai ya ce, "Shanu nawa tirelarka take ɗauka?" Na buɗe baki zan yi alfahari, sai ji na yi ƙaras! Na saki kalmar shahada da ƙarfi. Yaya ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe wuyan rigar mutumin yana ihu, "Ka karya min ƙane! Ka karya min ƙane!" Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Alhaji, sake ni ka tambaye shi." Na sauko da ƙafa, na miƙe a hankali. Ban miƙe sarai ba, amma a karon farko tun hantsi na ga fuskar mutum ba sai ya tsuguna ba. Ya ce aiki bai ƙare ba: in je asibiti a yi min hoto, in riƙa dawowa, in riƙa wasu 'yan motsa jiki da safe, a hanya kuma in dinga tsayawa ina zagaya motar.

Da muka fito Yaya ya tsaya a gindin wata darbejiya, bai dube ni ba ya ce, "Ranar suna ma shi ne?"

"Shi ne, Yaya."

"Ka bar ni shekara biyu ina tambayar kaina abin da na yi maka, don kana jin kunyar 'yan tasha?" Ya ce, "To na yau ma hula ka rusuna wa. Yafiyar da na yi, bayanka na yafe wa. Kai da sauranka." Ya tari napep ya tafi ya bar ni.

Na yi makonni ina zuwa Dogo Nini. Barci ya dawo min, na yi ruku'u ba cije baki, matata har tana tambaya ko an canza mata miji ne. Ranar da na tabbata bayan ya zama nawa, na nufi layin Yaya. Tun daga nesa na cire hular na cusa a aljihu don kada a samu ruɗani. Na isa gabansa na durƙusa har ƙasa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya dube ni a kaikaice ya ce, "Kai ne, ko bayan ne?"

"Ni ne."

"Tashi mu gani."

Na miƙe tsaye zar.

"To koma."

Na koma. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, idonsa cike da hawaye, ya kamo hannuna biyu ya ɗaga ni da kansa. Babarbaren ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Yanzu kam ta tuba."

Abin da na koya shi ne, ciwon da ka ɓoye ba ya tsayawa inda ya fara. Nawa ya bar ƙugu ya shiga barcina, ya shiga sallata, ya shiga gidana, ya kusa raba ni da mutumin da ya raine ni. Rabin abin da ya hana ni sunkuyawa ƙashi ne, mutumin Dogo Nini ya gyara wannan. Ɗaya rabin girman kai ne, shi kuwa ba wanda zai danna maka shi ya ce ƙaras. Tun daga ranar, in wani wuri ya fara min ciwo nakan buɗe baki in faɗa da wuri, don na ga irin abin kunyar da jiki yake jawowa in aka bar shi ya yi magana da kansa.